Igiyar Jirgin Babana

Har yau in ina magana mutum ya tari numfashina ya ce "na gane", sai in ji haushi ya kama ni. Me ka gane? Bari in kai aya mana! 'Ya'yana sun san halina a kan wannan, har tsokanata suke yi da shi. Ba su san inda na samo shi ba.

Sunana Rakiya. Mu Gungawa ne, masunta. Ban ga gungunmu da idona ba, ruwan madatsar Kainji ya haɗiye shi tun kafin a haife ni, aka kwaso iyayenmu aka zaunar da su a bakin tafki, cikin ƙasar Ngaski. Abin da ya rage na tsohon gungun dutse ne guda ɗaya can tsakiyar ruwa. Da damina da kaka ruwa kan rufe shi ruf, sai bazara ta kama, ruwa ya ja, sannan ya fito da kai.

Babana, mutane na ce masa Ɗangana. Inna ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ƙyanda da zazzaɓi suka yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ni ta fari ni kaɗai na tsaya. Shi ya kai ni makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Yelwa, zamanin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a san za a yi wata Kebbi ba. Da ƙafarsa ya raka ni, akwatin ƙarfena a kansa. 'Yan uwansa masunta suka yi ta yi masa ba'a a bakin ruwa.

"Ɗangana, ɗiya ɗaya tal, ita ma ka ba boko? Wa zai gaji tarun?"

"Tarun ya ruɓe," in ji shi. "Ni dai ina da mai kwance mini igiya."

Dole in yi bayanin igiyar nan, don labarin duka a kanta yake. Ban ce al'adar duk Gungawa ba ce, ta mutanen tsohon gungunmu ce. In ruwa ya ci mutum aka sami gawarsa, shi ke nan, a yi masa sutura a kai shi makwancinsa kamar kowane Musulmi. In ba a samu ba, sai a ɗaure jirginsa a turke a bakin ruwa, da filafilinsa a ciki, ba mai taɓawa. Ba a cewa ya rasu, sai dai a ce yana ruwa. Mutanen gidansa kuma ba za su sa kifi a baki ba har sai dutsen nan ya fito. Ba tsoron aljani ba ne, ba tsoron wani dodo ba. Dalilin a fili yake, ko yaro ya san shi, shi ya sa ba a faɗinsa: mutum yana cikin ruwa, kifi kuwa ba ya zaɓen abin da zai ci.

Ranar da dutse ya fito, a taru a bakin ruwa. Dattijon ƙauye ya tambayi ɗan mutumin ko ɗiyarsa, ko wani abin ruwa ya shiga bakinsa. In ya ce a'a, sai ya kwance igiyar da hannunsa, dattijo ya ce da yarenmu, "Wane, ga ɗanka ya sallame ka." Daga nan liman ya yi addu'a, a fara karɓar gaisuwa, matarsa ta shiga takaba. Wannan ita ce jana'izar wanda ba shi da kabari. Wanda kuwa bai bar ɗa ba, ba a kwance masa. Wuƙa ake sa wa a yanke, a ce, "Wane, ba ka bar kowa ba, wuƙa ta sallame ka." Sau ɗaya na ga an yi wa wani haka ina ƙarama, babana ya dawo gida ranar ya kasa cin tuwo.

Ina aji biyar, shekarar jarrabawar fita, wata iska ta ƙarshen damina ta taso a tafki da hantsi. Da yamma aka tsinci jirgin babana yana yawo shi kaɗai. Maza suka yi ta nema, suka zuba taru, suka ja ƙugiya, suka bi gaɓa har kusa da Wara, ba labari. Aka aiko aka ɗauke ni daga makaranta, na tarar an riga an ɗaure jirgin. Na zauna gida har aka daina nema, sannan na ce wa Inna ni na gama boko.

Inna ba ta kiran sunana, kunyar 'yar fari. Ta ce, "Ke wannan, tashi ki koma. Shi ya kai ki, ba ni zan cire ki ba. Ki dai riƙe bakinki. Ba shi da wani hannu sai naki."

Na koma. To, ga matsala. Makaranta a ƙasar Yauri, ina za ka tsere wa kifi? Nama sai ranar da babban baƙo zai zo. Miyar kuka da dakakken kifi, miyar kuɓewa da dakakken kifi, shinkafa da wake ma sai an watsa musu shi, don shi ne mai araha. Na koma cin gayan tuwo. Da safe koko, da rana in tsakuro tuwo daga gefen da miya ba ta taɓa ba, in kora da ruwa. Wani lokaci in jiƙa garin rogo, in ya ƙare in haƙura. Siket ɗina ya fara juyawa a ƙuguna, na sa allura na rage shi, na sake ragewa.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa? 'Yan matan cikin gari tun muna aji ɗaya suke ce mana masu bautar ruwa, in mun yi yarenmu su toshe hanci wai ƙarni. Alhali babana bai taɓa shiga jirgi bai yi asuba ba. Ban ga dalilin da zan ƙara musu abin dariya ba.

A shekarar ne aka kawo mana Malama Rabi daga Sakkwato. Sabon tsari ne ya zo, wai kowace makaranta sai ta sami malamin ba ɗalibai shawara. Mu dai muna ce mata Malama Gaidans. Aka share mata wani tsohon sito ta yi ofis, ta sa labule, ta ajiye kujeru biyu suna kallon juna, da furen roba a cikin gwangwanin madara. Kada wani ya ji labarin nan ya ce muguwa ce. Wallahi ba muguwa ba ce. Ita ke zuwa asibiti da yarinya in ba ta da lafiya, ita ke tsayawa tsakaninmu da bulala. Yarinya ce ma a lokacin, ba ta fi ni da wasu shekaru masu yawa ba, ga son aikinta kamar ta haɗiye shi.

Metiron, mai kula da ɗakunan kwananmu, ita ta kai mata ƙarata. Aka kira ni, na shiga na durƙusa a ƙasa. Ta ce in hau kujera. Na hau, na sunkuyar da kai.

"Ɗago ki dube ni, Rakiya. Nan ba aji ba ne."

In dubi babba cikin ido? Ita ma ta san ba a yi, ai a gidan Hausa ta tashi, amma haka aka koya mata a jami'a. Na ɗago kaɗan na dubi furen roba.

"An ce min babanki ya rasu."

"Yana ruwa, Malama."

Ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali. Ta ce mutum in ya yi babban rashi, zuciyarsa kan ƙi yarda da farko, wannan ba abin kunya ba ne. Ta ce in yi kuka in ina so, ƙofa a rufe take. Ban yi ba. Ba a fara kukansa ba tukuna, ko Inna ba ta fara ba. Ta ba ni biskit da madarar gwangwani, ta ce in dawo jibi.

Na yi ta komawa. Gaskiya na saba da ita, har na fara ɗokin ranar zuwa. Takan tambaye ni karatu, ta ba ni labarin ƙannenta, ta yi dariya da dukan bakinta. Tun da aka ɗaure jirgin ba wanda ya zauna ya saurare ni sai ita. Ran nan ta matso da kujerarta, ta kama hannuna, ta juya shi tana kallon yadda ya zama ƙashi.

"Ɗiyata, mi ya hana ki cin abinci? Duk abin da kika hwaɗa a ɗakin ga, nan zai tsaya."

Na daɗe ina juya maganar a baki. Can na ce, "Malama, ba mu cin kifi. Mutanen gidan wanda ke ruwa ba su ci sai dutsen tsohon gungunmu ya fito. In na ci..."

"Na gane," ta ce. "Na gane sarai. An tsorata ki, an ce in kin ci wani abu zai same ki."

Na buɗe baki, amma ta riga ta yi gaba. Ta ce ai duk ɗaya muke, addini ɗaya, harshe ɗaya, babu abin da zan faɗa mata da ba ta san irinsa ba. Ta ce su ma a gidansu akwai irin waɗannan camfe-camfe, kakarta ba ta bari a yi shara in rana ta faɗi, wai arziki ake sharewa.

Shara! Ta haɗa babana da shara. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Ta yaya zan buɗe bakin nan nawa in ce mata kifi na cin ubana? Maganar da ko a gida ba a furtawa, sani kawai ake yi? Da ta ce mini "don me", kalma biyu kacal, wataƙila da na daure na faɗa. Ba ta ce ba. Ta yi mini nasiha mai kyau a kan tawakkali, cewa babu mai cutarwa sai Allah. Na ce gaskiya ne, don gaskiyar ce. Na fito tana murna an sami bakin zare.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara, ruwa ya soma ja. Kullum in na hangi kogi daga bayan ɗakin kwananmu sai in ce saura kaɗan. A nan ne jikina ya ci amanata. Wata Litinin muna tsaye a layin taro, ana karanta sanarwa, sai na ga filin yana juyawa. Na farka a ɗakin shan magani. Shugabar makaranta ta ce ba za ta ajiye yarinyar da za ta mutu a hannunta ba, ko in ci abin da kowa ke ci, ko a mai da ni gida, jarrabawa kuwa ta sha ruwa. Daga baya na ji cewa Malama Rabi ta bi ta har ofis tana roƙo, ta ce a ba ta mako biyu, ita ta san maganin abin.

Ga mura kuma ta kama ni, irin mai toshe hanci har mutum ya kasa bambance barkono da sukari. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Malama ta aiko a kira ni gidanta a kwatas ɗin malamai. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kwano yana tururi.

"Farfesun kaza ne na yi miki saboda murar ga. Ki sha da zahi."

Na leƙa kwanon. Kaza ce, ga cinya, ga fiffike, romo ya yi kauri, ya sha citta da kanumfari da masoro. Ni ɗiyar masunci, da nake jin ƙarnin kifi tun daga ƙofar kasuwa, ranar hancina a toshe yake, cikina kuwa ya manta rabonsa da abin kirki. Na yi bisimilla. Na sha, na sha, gumi yana keto mini, ta ƙaro na shanye, har ƙashi na tauna. Tana zaune a gefe tana yi mini fifita tana cewa sannu. Da zan tafi na durƙusa na yi mata godiya har da hawaye. Na ce Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Ba ta ce mini komai ba ranar. Sai da aka kwana, aka sake kwana, aka shiga wani mako, sannan ta kira ni ofis. Na tarar da ita fuska a sake kamar ranar salla.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Malama."

"Tun ranar Juma'a, wani abu ya same ki? Mugun mahwarki, ko ciwo, ko wani abu?"

"Ko kaɗan. Har ƙarfi na ji."

"To albishirinki."

Na ce goro, ina murmushi, wautata. Na zaci shugaba ce ta haƙura.

"Romon nan da kika sha, akwai kihi ciki. Busasshiyar tarwaɗa na daka lilis na zuba. Kin gani? Kin ci, kin kwana lahiya, kin tashi lahiya. Ba abin da ya same ki, ba kuma abin da zai same ki. Tsoron ya ƙare, ɗiyata. Yanzu ki je ki ci abincinki ki yi jarrabawarki."

Tarwaɗa. Duk kifin da ke cikin tafkin nan, tarwaɗa, mai kwana a ƙasan ruwa tana cin duk abin da ya nutse.

Na tashi ban san na tashi ba. Na fita bayan ofis na sa yatsa a maƙogwaro, na yi ta kakari, ba abin da ya fito sai kokon safe. Ina zai fito? Ya riga ya zama jini, shi ne ma ƙarfin da na ce na ji. Ta biyo ni da gudu ta dafa bayana, na ture hannunta. Ranar na dube ta cikin ido, yadda ta daɗe tana so.

"Malama, babana yana cikin ruwan nan. Ba a same shi ba. Me kike zaton kifi yake ci?"

Na ga maganar tana shigarta a hankali. Ta ɗora hannu a baki. Ta ja da baya har ta jingina da bango, ta ce innalillahi, ta sake cewa. Sai na faɗa mata sauran, igiya da tambayar dattijo da wuƙa, duka. Ita da ke cewa in yi kuka, ita ta yi shi.

"Don mi ba ki hwaɗa min ba, Rakiya?"

"Ai kin ce kin gane."

Ta daɗe a makarantar bayan mun fita. 'Yan bayanmu, Kambari da Dukkawa da namu, sun ce ba su taɓa ganin mai haƙurin sauraro irinta ba, wai in yarinya ta faɗi abu sai ta tambaye ta yadda ake yi a gidansu, da dalilin da ya sa, kafin ta ce uffan. Madalla, na yi musu murna. Amma da ni aka koya, kuma uba ɗaya gare ni.

Ban koma cin kifi ba, ko da yake ban san amfanin ƙin ba kuma. Malama ta je ta gaya wa shugaba ban san me ba, aka fara ɗebar mini miya kafin a zuba kifi. Ashe abu ne mai sauƙi haka, cokali ɗaya da ƙaramar tukunya. Ban sake taka ofishinta ba. In mun haɗu a hanya in gaishe ta in wuce.

Ana saura kaɗan jarrabawa aka aiko daga gida cewa dutse ya fito. Ina ɗaure kayana sai ga ta a bakin ɗakin kwana. Ba ta shigo ba. Ta tambaye ni a hankali ko an yarda baƙo ya halarci irin wannan taro, in kuma an yarda, ina ya kamata ya tsaya. Na ce bakin ruwa na kowa ne, mata a baya suke tsayawa. Ban ce ta zo ba, ban ce kada ta zo ba.

Na iske Inna a bayan gida, wajen murhun bandarmu da ya yi watanni ba wuta, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ita ma ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga yadda na koma, sai na ga ta ji daɗi, don ramar ta nuna mata na riƙe. Wannan kallon ne na kasa ɗauka. Na durƙusa na faɗa mata komai.

Ta rage murya ta tambaye ni.

"Wa ya sani?"

"Ni da Malamar."

"To ni ban ji ba." Ta kama kafaɗuna da hannu biyu, ta girgiza ni. "Ba ki sani ba kika ci. Allah ya ga zuciyarki. Gobe in an tambaye ki, ki ce a'a. Kin ji ni? Rakiya, kada ki bari a sa wa mutumin nan wuƙa."

Tun da ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na ce to.

Da hantsi aka taru. Ruwa ya ja sosai, jirgin babana rabinsa a kan laka yake, rana ta tsattsaga gefensa, filafilin yana nan inda aka ajiye shi. Can nesa ga dutsen, baƙi, da farin kashin tsuntsaye a kansa. Maza a gaba, liman a tsakiyarsu, mata a baya. Da kayan makaranta na fito, don babana yana son ganina a cikinsu. A ɓangaren mata an riga an ɗora tukwane, ga kifi an wanke an rufe, ana jiran a gama a dafa wa gidanmu.

Na hango Malama Rabi a can ƙarshen mata. Ban san yadda ta zo ba, hanyar ƙauyenmu ba ta mota ba ce, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta lulluɓe da mayafi, ba ta gaisa da kowa da ƙarfi ba.

Baba Sule, dattijon ƙauyenmu, shi ya koya wa babana jefa tarun birgi tun yana yaro. Ya kama hannuna ya kai ni gaban turke, ya ɗora shi a kan ƙullin. Igiyar babana ce, shi ya tufka ta da kansa, na san ta, na riƙe masa bakinta ranar da yake tufkar a ƙofar gida yana tambayata sunayen kifi da Turanci yana dariya.

"Ɗiyar Ɗangana," in ji Baba Sule, da murya yadda kowa zai ji. "Tun ranar da aka ɗaure jirgin nan, wani abin ruwa ya shiga bakinki?"

Na waiwaya. Inna ta kafe ni da ido. Malama kuwa ta sunkuyar da kai ƙasa, na kuma san ko za a yanka ta ba za ta tona ba. Ba mai hana ni. A'a kawai zan ce, in ja bakin igiya, a ce ga ɗiyarka ta sallame ka, kowa ya tafi da daɗin rai. Na haɗa leɓe zan faɗa. Sai na ji ɗanɗanon citta da kanumfari ya taso mini daga ciki har bakina. Ga babana can a ƙarƙashin ruwan nan, ban san me ya rage nasa ba, ni kuma zan sallame shi da ƙarya da wannan bakin. Na nemi a'a ɗin nan sama da ƙasa na rasa.

"Na ci, Baba."

Wata mata ta yi salati. Inna ta zauna daɓas a kan laka.

Sai ga Malama ta ratso maza, abin da mace ba ta yi, ta zube gaban Baba Sule a kan gwiwoyinta.

"Baba, ni ce. Ni na daka na zuba mata a romo, ba ta sani ba. Wata da watanni yarinyar ga tana cin gayan tuwo har ta hwaɗi a hili. Laihina ne, ba nata ba. Ku yi min duk abin da za ku yi, amma ku bar ta ta kwance."

Liman ya gyara murya ya ce a shari'a wanda aka ba abu bai sani ba, babu komai a kansa. Wasu maza suka ce haka ne. Na ji zuciyata ta ɗan ɗago.

Baba Sule ya dubi ruwa. Tsoho ne ƙwarai, gemunsa yana rawa.

"Malam, na sani. Wurin Allah yarinyar nan fes take. Ke ma baƙuwa, tashi, ba mugunta ta kawo ki ba, mun gani." Ya share ido da bakin rigarsa. "Amma ba a tambayi wa ya ba ta ba, ba a tambayi ko ta sani ba. Ko ya shiga aka tambaya. Haka na tarar, haka aka yi wa na gabansa. In na sauya yau saboda ina son Ɗangana, me zan ce wa waɗanda aka yanke wa?"

Ya ɗauke hannuna daga kan ƙullin a hankali, kamar yadda ake ɗauke hannun yaro daga wuta. Ya ce a ba shi wuƙa. Aka yi ta kallon juna, ba mai son ya zama tasa ce, sai da ya sake faɗi sannan wani ya miƙo.

Igiyar ba ta yanku da wuri ba. Babana ba ya tufka igiyar banza. Tsohon ya yi ta gogawa, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin komai a bakin ruwan nan sai wannan da numfashin Inna. Da ta rabu, jirgin ya ɗan motsa a kan laka.

Baba Sule ya rage murya iyakar yadda zai iya, amma dole a faɗa, kuma ya faɗa.

"Ɗangana, ba ka bar kowa ba. Wuƙa ta sallame ka."

Ina tsaye a gefensa da kayan makaranta. Da ya miƙa hannu da ya taɓa ni.